Abin Da Aka Fitar Daga Ɗakin Auta

Ko da Sufeto ya iso, 'yan kwana-kwana sun riga sun naɗe tiyonsu, baƙin ruwa yana gangarowa daga matakalar benen zuwa titi. Gobarar ba ta ci gidan duka ba. Ɗaki biyu ta ci a hawa na farko, ta kuma ci mutum ɗaya.

Shugaban 'yan kwana-kwana ne ya yi masa jagora zuwa sama, yana share gumi da bayan hannu.

"Matashi ne, Yallaɓai. Auta suke ce masa. Ƙafafunsa ba sa aiki tun wani haɗarin babur da ya yi. Da rana tsaka abin ya faru, kowa ya fita nema."

"A kan gado kuka same shi?"

"A bayan ƙofa. Ya jawo jikinsa daga gadon har wurin. Ƙofar a kulle take, sai da muka sa mata gatari."

Sufeto mutum ne mai 'ya'ya, kuma bai taɓa sabawa da irin wannan ba, sai dai ya iya ɓoyewa. Ya ratse keken guragu da ke naɗe a baranda, ya shiga ɗakin.

Gado ya zama ƙarfe tsirara. Talabijin ɗin bango ya narke ya zubo kamar kyandir. A ƙarƙashinsa akwai kantar ƙarfe, baƙin hayaƙi ya kwanta a kanta da kauri, sai wuri ɗaya mai kusurwa huɗu inda baƙin bai kai na sauran ba. Wayoyi biyu suna reto a gefe, ba a jone da komai ba.

"Me ke zaune a nan?"

"Na'urar gem ɗinsa, ta wasan talabijin, in ji maƙwabta. Sun ce dare da rana yana kanta. Ita suke cewa ta jawo wutar."

"To ina take?"

"Ta narke mana."

"Talabijin ya bar ƙarfensa," in ji Sufeto. "Fankar sama ta bar nata. Ita kaɗai ce za ta ƙone ba ta bar ko ƙusa ɗaya ba?"

Shugaban ya sunkuya ya tona tarkacen da ke ƙasa da takalminsa. Bai sami komai ba.

Kafin Sufeto ya koma ofis, mai laifi ya riga ya kawo kansa da ƙafarsa. Mahaifin Auta ne, tsohon direban bas, siriri. Kusa da shi babban ɗansa ne, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, ƙato mai faɗin kafaɗa, yana kuka da ƙarfi har na waje suna leƙowa.

"Ni na kashe shi, Yallaɓai," in ji tsohon. "Soket ɗin ɗakin ya yi nisa da gadonsa. Na ƙi kiran mai gyara, na ce ai abu kaɗan ne. Ni na jawo waya, ni na naɗe ta da salatif. Ka rubuta."

"Kana ina sa'ad da wutar ta tashi?"

"Na je asibiti karɓo masa magani."

Sufeto ya juya ga Yaya. "Kai fa?"

"Ina wurin aiki. Tuƙi nake koyarwa. Aka kira ni, kafin in iso wuta ta cinye ƙofar. Na sha faɗa wa Baba wannan na'urar za ta jawo mana masifa. Ga shi ta ƙone ƙurmus, ta tafi da ƙanena."

"Ka ga ta ƙone?"

"Me zai hana ta?"

Sufeto ya bar wannan. Ya ce, "Wa ya kulle ƙofar da makulli?"

Kukan Yaya ya tsaya cak. Tsohon ya ɗago kai. Bai dubi Sufeto ba, ɗansa ya duba, kallon da bai wuce ƙiftawar ido ba. Sannan ya mai da idonsa ƙasa.

"Ni na kulle."

"Ka kulle gurgu a ɗaki ka fita?"

"Saboda ɓarayi."

"Ina makullin?"

Tsohon ya lalubi aljihunsa na dama, ya lalubi na hagu. "Ya faɗi a hanya."

Oga, shugaban ofishin, ya ji komai daga bakin ƙofa. Ya ja Sufeto gefe.

"Me kake nema kuma? Mutum ya ce shi ne. Sakaci da ya jawo asarar rai. Sa shi bayan kanta, mu miƙa shi kotu, mu huta."

"Da shekarunsa, Oga, in ya shiga ba zai fito da ƙafarsa ba."

"Ni na haife shi? Ka kawo mini wani in ba shi ba ne. In ba ka kawo ba, shi za a kai."

Aka cire wa tsohon bel da takalmi, aka tura shi ciki. Yaya ya riƙe ƙarfen ƙofar yana cewa, "Ka yi haƙuri, Baba, ƙaddara ce." Da ya fita, Sufeto ya hango shi ta taga ya tsaya yana goge madubin motarsa da gefen riga.

Washegari Sufeto ya koma gidan tare da Sajan, ya sa aka kira shugaban 'yan kwana-kwana. Suka bi wayar da tsohon ya jawo tun daga soket har bakin gado. Robar ta babbake daga waje, amma jan ƙarfen ciki lafiyarsa lau, babu inda ya narke ya dunƙule.

"Wannan wayar ba ta haifi wuta ba," in ji shugaban. "Wuta ce ta zo ta same ta."

Bangon da ke tsakanin ɗakin Auta da ƙaramin ɗakin gefe na katako ne, kuma ta ƙasansa wutar ta huda. A ƙaramin ɗakin, cikin tokar wani tulin tufafi, Sajan ya zaro dutsen guga, fuskarsa a kife, wayarsa har yanzu a bango.

Matar da ke hawa na ƙasa, mai kitso, tana tsaye a matakala tana miƙa wuya. Sufeto ya yafito ta.

"Wa ke guga a gidan nan?"

"Ni ban san komai ba, Yallaɓai. Ni kullum idona a kan kitson mutane yake."

"Tsohon yana guga?"

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. "Baba? Ka dubi rigarsa mana. Kamar saniya ta tauna ta tofar."

"To wa?"

Ta dubi sama, ta dubi ƙasa. "Yaya ne ɗan gayu. Kullum da rana yakan dawo ya canza riga, ya ce gumin ɗalibai ya ishe shi."

"Jiya ya dawo?"

"Ban ga kowa ba."

"Kin ji wani abu?"

Fuskarta ta canza. Ta ja gyalenta ta rufe baki. "Na ji ana buga ƙofa daga sama. Na ɗauka wasansa ne, kullum ƙarar harbi da ihu. Wallahi na ɗauka wasan ne. Sai na ƙara muryar rediyo."

Filin koyon tuƙin yana bayan wani gidan mai da ya daina aiki, an jera tsofaffin tayoyi a matsayin hanya. Yaya yana tsaye yana yi wa wata ɗaliba tsawa don ta hau taya. Da ya ga Sufeto da Sajan, sai ya saki kafaɗu ya sa fuskar makoki.

"Ba ka zauna zaman karɓar gaisuwa ba?" in ji Sufeto.

"In na zauna tunani zai kashe ni, Yallaɓai."

Sufeto ya zagaya motar. Tun kafin ya taɓa ta ƙamshin turaren mota ya doki hancinsa. An rataye guda uku a madubi.

"Kai, wannan mota ko ɗakin amarya?" in ji Sajan.

"Buɗe but."

Yaya ya ɗan yi jinkiri, sannan ya buɗe. Babu komai a ciki sai tayar ko-ta-kwana da wani kwano cike da gawayi. Sufeto ya sunkuya ya shaƙa. A ƙarƙashin turaren akwai ƙauri, ƙaurin roba da katako da soson katifa, irin wanda ya kwana a rigar shi Sufeton tun jiya.

"Gawayin na mene ne?"

"An ce yana shanye wari. Na kwaso 'yan kayan Baba da suka tsira."

"Waɗanne kaya?"

"Tsummokara."

"Ina ka kai su?"

"Na zubar."

"Wa ya koya maka dabarar gawayi?"

"Kowa ya san wannan."

"Ni ban sani ba," in ji Sajan. "Kuma na girme ka."

A mota Sufeto ya ce, "Wanda ya koya masa shi ke riƙe da kayan. Mu bi layin masu gyaran waya da gem, shago bayan shago."

"Da wace shaida, Yallaɓai?"

"Da hancinka."

Layin masu gyara yana ƙarƙashin wani dogon gini, shaguna ƙanana kamar akwatin ashana, kowanne da kiɗansa. Sun kusa ƙarshen layin sa'ad da Sajan ya tsaya a gaban wani shago ya yi atishawa.

Mai shagon, wanda suke kira Injiniya, yana da gilashi a goshi da sukurdireba a bayan kunne. A kan teburinsa ga auduga da ta yi baƙi ƙirin, tuli guda, ga kwalbar sifirit, ga tsohon burushin haƙori.

"An kawo maka na'urar da ta sha hayaƙi?"

"Ni? Waya kawai nake gyarawa, Yallaɓai."

"Wace waya ce ke baƙanta auduga haka?"

"Ta mai gasa nama."

Sajan ya sa ƙafa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburin. An liƙe bakinsa da salatif. Da ya yage, ƙaurin ya taso. A ciki na'urar gem ce, fara, an kewaye ta da gawayi da ƙananan kofuna cike da farar hoda.

"Au, wannan!" in ji Injiniya. "Ai ban san ita kuke nufi ba."

"Za ka yi bayani a nan, ko a bayan kanta?"

Nan take bakinsa ya buɗe. "Wani ƙato ne ya kawo ta, mai motar koyon tuƙi. Ya ce girki ne ya ƙone a gidansu. Ta zo baƙa kamar gindin tukunya. Na kwance ta gaba ɗaya. Murfin na wanke da ruwan ɗumi da sabulu na shanya. Cikin kuwa ba a sa masa ruwa, sai sifirit da auduga, lungu-lungu. Hodar nan soda ce, ita da gawayin su ke jan warin. Baƙin ya fita, ga ta nan fes. Ƙaurin ne ya ƙi. Roba in ta sha hayaƙi sai haƙuri. Ya dawo yana zagina wai ban iya aiki ba."

Sufeto ya ɗaga na'urar ya juya ta. Babu inda ta narke, ko gefe ɗaya.

"Ina ne ya fi baƙi a cikinta?"

"Fankar. Ban ma gama da ita ba, na cire na sa wata." Ya miƙo wata 'yar fanka mai faɗin tafin hannu. Kowane reshe nata ya yi dam da baƙin hayaƙi mai danƙo, har cikin tsakiya.

Sufeto ya daɗe yana kallonta. Fankar da ke tsaye ba ta haɗiyar hayaƙi haka. Wannan tana juyawa ne sa'ad da ɗakin ya cika. Tana juyawa, Auta yana numfashi kusa da ita, wani ya shigo ya zare wayoyinta ya fita da ita kafin zafi ya taɓa ta.

"Me kuma ya ce ka yi mata?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Ya ce in goge sunan da ke ciki, in sa nasa."

Sufeto ya sa aka fito da tsohon daga bayan kanta, aka zaunar da shi a benci a ofishinsa. Ya rame a dare ɗaya, yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya saboda babu bel. Aka kira Yaya aka ce ya zo ya sa hannu a takardar belin mahaifinsa. Ya zo da sabuwar riga mai karin guga.

Na'urar tana kan tebur a rufe da tawul. Sufeto ya riga ya jona ta. Ya yaye tawul ɗin, ya danna maɓalli.

Ta yi 'yar ƙara, fankar ta soma juyawa, iska mai ɗumi ta fito ta bayanta. Kafin a ce me, ƙaurin ɗakin Auta ya cika ofishin.

Tsohon ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. Ya miƙa hannu zai taɓa ta, ya fasa.

"Ka ce ta ƙone ƙurmus," in ji Sufeto.

"Irinsu da yawa a kasuwa," in ji Yaya.

"Mai gyara yana waje. In shigo da shi?"

Yaya ya kau da kai. Sufeto ya ci gaba.

"Ka dawo da rana, ka yi guga, ka bar dutsen a kan tufafi. Wannan kuskure ne, kowa na iya yi. Abin da ya biyo baya nake so in ji."

"Ni ne, Yallaɓai," in ji tsohon da sauri. "Ni na fitar da ita. Ni na ba shi ya kai gyara. Ka rubuta."

"Kana asibiti, Baba. Mai ba da magani ta tuna ka."

"Ta yi ƙarya. Dukansu ƙarya suke yi. Ni na..."

"Ya isa, Baba!" in ji Yaya. Ba kuka a muryarsa yanzu. Ya ja kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Kullum kai ne mai sadaukarwa da baki. Wa ke ɗaukarsa? Faɗa musu. Wa ke kai shi banɗaki? Wa ke wanke shi in ya ɓata gado? Wa ke saukowa da shi bene a baya kamar jaki? Matar da zan aura ta zo ta ga abin da za ta tarar, ta juya. Ni ina wankin kashi, shi yana harbin mutane a talabijin yana dariya. In na ce ya ba ni in buga sau ɗaya, sai ka ce, 'Bar masa, shi ke nan abin da ya rage masa.' Ni me ya rage mini?"

"Ɗan uwanka ne," in ji tsohon. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Kai ka faɗa, da yake ba kai ke jin warin ba."

"Ka shiga ɗakin," in ji Sufeto.

"Na sauka har mota, na tuna dutsen, na dawo. Hayaƙi ya riga ya shiga wajensa. Yana tari."

"Ya gan ka?"

"Ya gan ni. Ya ɗaga hannu biyu, yadda yake yi kullum in zan ɗauke shi. Ya ce, 'Yawwa, Yaya.'"

Sajan ya juya fuskarsa ga bango.

"Da za ka iya fitar da shi?"

"Me zai hana? Ba shi da nauyi. Na saba."

"To?"

Yaya ya ɗaga kafaɗa. "Na duba ɗakin. Abu ɗaya ne ke aiki a cikinsa. Shi na ɗauka."

"Makullin fa?"

"Ya iya jan ciki. Da ya fito baranda, da ya faɗa wa kowa. Na kulle, na jefa makullin a kwata."

Sufeto ya yi shekaru yana jin amsa laifi, na masu kuka da na masu rantsuwa. Bai taɓa jin wanda ya faɗi nasa kamar yana ba da kwatancen hanya ba. Ya kashe na'urar, ya yi wa Sajan alama.

Da ankwar ta yi ƙara a wuyan hannun Yaya, tsohon ya zame daga benci ya durƙusa, ya kama ƙafar wandon Sufeto.

"Don Allah, ɗana. Kai ma uba ne, na gani a idonka. Na riga na saba da cikin can. Ni na gama rayuwa. Ka mai da ni, ka sake shi. Shi kaɗai ya rage mini."

"Tun ranar farko ka sani, Baba."

"Na sani. To sai me? In rasa biyu?"

Sufeto ya sunkuya ya ɓamɓare yatsun tsohon ɗaya bayan ɗaya. 

Sajan ya tasa Yaya gaba. A bakin ƙofa Yaya ya tsaya ya waiwayo. Tsohon ya ɗago fuska da sauri, yana jiran kalma ɗaya.

Ba shi Yaya ya kalla ba. Teburin ya kalla.

"Yallaɓai, in an gama shari'a, wa za a ba ita?"

Sajan ya hankaɗa shi waje.

Oga ya leƙo, ya toshe hanci. "An samu? Madalla. Ku fitar da abin nan, ya cika mana ofis da wari." Ya dubi tsohon da ke ƙasa. "Baba, ka ci sa'a, an wanke ka. Je ka karɓi takalminka a kanta. Ka tashi mana, akwai masu jira a waje."